Ɗan Aiken da Bai Tashi a Gidanmu Ba

Duk uwar da ke unguwar Bolari a Gombe ta san 'ya'yanta ta wajen aike. Akwai wanda za a ba kuɗi a ce ya sayo magi da daddawa, ya dawo da su da canjinsa cif. Akwai wanda sai an maimaita masa sau uku, ya fita yana rera saƙon a hanya, "gishiri, kuka, barkono," ya yi tuntuɓe a bakin kwata, ya dawo da kanwa. Akwai mai tsayawa kallon ƙwallo har miya ta ƙone. Sai kuma wanda iyaye suka fi jin tsoro, wato wanda bai ji abin da aka ce ba amma ba zai taɓa cewa bai ji ba. Zai shiga gidan Goggo ya yi sallama, ya durƙusa da ladabi, ya ce "wai in ji Inna," sannan ya zuba abin da ya ga ya dace, ba gargada ba in'ina. In aka bi sawun gabar da ke tsakanin wasu gidaje a unguwa, irin wannan yaron za a tarar a gindinta.

To, yanzu an yi wani sabon ɗan aike, wanda aikinsa shi ne ya ɗauki magana daga bakin mai yin ta ya kai ta idon wanda kunnensa ba ya ji. Manhaja ce a cikin waya. Ka ajiye wayar tsakaninka da kurma, kana magana tana rubutawa, shi kuma yana karantawa. Ko kuwa ana kallon bidiyo, abin da ake faɗa yana fitowa a rubuce a ƙasan allo. Ana ta yaba masa, kuma ya ci yabon. Amma kafin mu damƙa masa kuramenmu da dattawanmu, ina ganin ya kamata a yi masa binciken da kowace uwa take yi wa yaron da za ta aika: a wane gida ya tashi, yana jin harshenmu, in bai ji ba yana faɗa, kuma bakinsa yana riƙe magana?

Bari mu fara da mutanen da ake aiken wajensu, don sun fi yadda muke zato yawa. In aka ce kurma, hankalin mutane yakan tafi kan wanda aka haifa haka, mai magana da hannu. Alhali mafi yawan waɗanda jinsu ya yi rauni da kunnensu garau suka zo duniya, suka yi magana, suka yi karatu, daga baya abin ya tafi. Gombe tana cikin yankin da sanƙarau ke wa dirar mikiya lokacin zafi. A 1996, shekarar da aka ƙirƙiro jihar, annobar ta kama sama da mutum dubu 100 a arewacin Najeriya, ta kashe fiye da dubu 11, kuma cikin waɗanda suka tashi akwai da yawa da suka bar jinsu a kan gadon jinya. Yaran wancan lokaci su ne magidanta a yau. Ga ƙyanda, ga hangum, ga shawarar jarirai, ga ciwon kunne mai zubar da mugunya da aka yi ta ɗiga wa man zafi har dodon kunne ya huje. Zazzaɓin Lassa ma, a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, yakan taɓa jin mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke, ko da yake wasunsu jin yakan ɗan dawo. Akwai allurai irin su gentamicin da kan lalata ji in aka yi su ba bisa ƙa'ida ba, mu kuwa ba ma rasa mai yi mana allura a lungu. Sannan a tsaya a dubi mai injin markaɗe, wanda yake tsaye a kan wannan ƙara tun hantsi har magariba, shekara da shekaru. In ya tsufa aka ce "Baba ya fara kurumta," sai a ɗora wa shekaru laifi su kaɗai. Hukumar ta ce mutum miliyan 430 ne a duniya rashin jinsu ya kai ga buƙatar taimako, kuma kusan kashi 80 cikin 100 nasu suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin tamu.

Mu kuma garinmu na kunne ne. Rasuwa a lasifikar masallaci ake sanar da ita bayan sallar asuba. Ɗaurin aure, cigiyar yaro, ranar rigakafi, duk a rediyo. In azumi ya zo, Masallacin Izala na Bolari yakan cika maƙil don tafsiri, wanda ba ya ji kuwa sai dai ya zauna cikin sahu don neman lada, in an yi dariya ya duba fuskar na kusa da shi. Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, zamanin saƙon tes ya yi wa kurame daɗi ƙwarai, domin kowa rubutu yake yi, an zama ɗaya. Da WhatsApp ya kawo saƙon murya sai muka watsar da rubutu. A zauren dangi yanzu Adda za ta yi minti huɗu tana bayanin ankon biki da gudummawa, Hamma ya mayar mata da minti shida, ita kuwa ƙanwarsu da sanƙarau ya taɓa sai dai ta ga layukan murya jere, ta jira wanda zai tausaya ya taƙaita mata. Taƙaitawar kuma kullum ɗaya ce: "Ba komai, maganar biki ce."

Akwai kuma wata wahala da ta shafi tarbiyyarmu. Wanda jinsa ya yi rauni da ido yake cike giɓi, dole ya ƙura wa bakin mai magana ido. A wajenmu kuwa mace ta ƙura wa surukinta ido rashin kunya ne, yaro ya kalli tsabar idon babba fitsara ce. Sai ta zaɓi ta sunkuyar da kai tana "to, Baba, to," ta fita ba ta san abin da ta amsa ba. A nan waya mai rubutu ta yi rana, don ita ana iya sunkuyar da kai a kalle ta.

Asalin wannan ɗan aike daga nesa yake. A 1972 wani gidan talabijin na Boston a Amurka ya fara sa rubutu a ƙasan wani shirin girke-girke saboda kurame. A Ingila BBC ta shiga sahu a 1979. A watan Maris na 1980 aka fara irin rubutun da mai kallo ke iya kunnawa ko kashewa a manyan tashoshin Amurka, kuma a 1990 majalisarsu ta yi dokar da ta tilasta wa masu ƙera talabijin su sa na'urar nuna rubutun a cikin kowane akwati mai ɗan girma. Duk a lokacin mutane ne ke yin rubutun da hannunsu, wasu da irin injin da magatakardan kotunansu ke bugawa, mai cin kalma sama da 200 a minti ɗaya. Na'ura ba ta karɓi aikin sosai ba sai a 2009, lokacin da YouTube ya fara rubuta maganar bidiyo da kansa, kuma cikin injiniyoyin da suka ja gaba har da Ken Harrenstien, wanda shi kansa kurma ne. A Fabrairun 2019 Google ya fitar da Live Transcribe, wadda aka gina don wani masanin kamfanin, Dimitri Kanevsky, da ya kurumce tun yana ƙarami, tare da shawarar Jami'ar Gallaudet ta kurame da ke Washinton. Wannan ya burge ni. Masu lalurar ne da kansu suka zauna suka ƙera abin da suke buƙata, ba jira suka yi a yi musu sadaka ba.

Yadda abin yake aiki ba sihiri ba ne. Na'urar ba ta fahimtar magana. Ana sa ta ne ta saurari dubban sa'o'i na muryoyin mutane tare da rubutun abin da suka faɗa, har ta gane cewa irin wannan sautin yakan tafi da irin wannan kalmar, kuma bayan kalma kaza, kalma kaza ce ta fi yawan biyowa. Daidai yadda yaro ke koyon magana a tsakar gida ke nan: abin da ya tashi yana ji, shi zai iya maimaitawa. Shi ya sa tambayar gidan da ya tashi ta fi sauran nauyi.

Amsar kuwa ita ce, ba a gidanmu ba ne. Whisper, wadda kamfanin OpenAI ya saki a Satumbar 2022, kuma manhajoji da yawa suke hawa kanta, an horar da ita da sa'o'i dubu 680 na magana. Kusan kashi biyu cikin uku na wannan Turanci ne. Hausa tana cikin jerin harsunanta, amma kasonta bai taka kara ya karya ba. Kamfanin Meta, mai Facebook, ya fito da tasa a 2023 mai ɗaukar harsuna sama da 1,100, kuma da ya rasa inda zai samo muryoyi, sai ya koma ga faifan karatun Sabon Alkawari na Littafi Mai Tsarki da aka naɗa cikin harsuna daban-daban. Dabara ce mai kyau, amma mai karatu a ɗakin naɗar murya, a natse, kalma bayan kalma, ba haka ake magana a tashar Dukku ba. WhatsApp ya fara mayar da saƙon murya rubutu a ƙarshen 2024, ya fara da Turanci da Sifaniyanci da harshen Fotugal da Rashanci, babu Hausa a wannan zubin. Wato ɗan aiken ya zo unguwa, amma ya wuce ƙofar gidan da aka fi buƙatarsa.

Ba a ce ba a motsa ba. A Oktoban 2024 Google ya ƙara harsunan Afirka 15 cikin waɗanda ake iya yi wa waya magana ta rubuta, har da Hausa da Yarabanci da Ibo. Wasu matasan masana sun tattara taskar muryoyi mai suna NaijaVoices, kimanin sa'o'i 1,800 na waɗannan harsuna uku. A 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS don harsunan nan da kuma Turancin bakin 'yan Najeriya. Wanda ya gwada yin Hausa a hankali, a ɗaki shiru, zai ga rubutu yana fitowa da ba laifi, har ya yi mamaki.

Sai dai wa yake magana a hankali a ɗaki shiru? Ka tsaya a Babbar Kasuwar Gombe ka saurari ciniki ɗaya. Gaisuwa da Fulatanci, tayi da Hausa, farashi da Turanci, rantsuwa da Larabci: "Adda, wallahi tallahi tu-fifti na saro shi, useni ki ƙara wani abu." Duk cikin numfashi guda. Hausar ma ba irin ta littafin makaranta ba ce. Mu nan ba ma jin komai mu ce "motan Alhaji" inda Bakano zai ce "motar Alhaji." Batangale da Batere da Babole da Bawaje kowa da yadda harshensa na gida yake karya masa Hausa, kuma duk muna fahimtar juna sarai. Ɗan aiken da ya koyi Hausa a bakin mai karanta labarai, in ya faɗo cikin wannan, ga janareta na ruri, ga Keke Napep na hon, ga mutum uku suna magana lokaci guda, sai ya rikice. Sunaye ma wani tashin hankali ne. Kumbiya-Kumbiya, Herwagana, Jekadafari, waɗannan bai taɓa jin su ba, don haka zai rubuta abin da ya fi kama da su cikin abin da ya sani.

Da rikicewar ce kawai, da sauƙi. Yaron da ya dawo ya ce "Inna, na manta," ba a kwana da fushinsa, sake aikensa ake yi. Matsalar ita ce wasu daga cikin manhajojin nan halin wancan yaron da bai ji ba amma ba ya faɗa gare su. Tun da aikinsu hasashen kalmar da za ta biyo baya ne, in sauti ya ɓace musu ba sa tsayawa, sai su ci gaba da hasashe, su jero jimla lafiyayya wadda ba wanda ya faɗe ta. A 2024 wata malama a Jami'ar Cornell, Allison Koenecke, da abokan aikinta sun gwada Whisper, suka tarar kusan ɗaya cikin kowane rubutu 100 yana ɗauke da maganar da na'urar ta ƙaga daga kanta, wani lokaci har da batun tashin hankali da ba ya cikin zancen. Sun kuma lura abin ya fi faruwa in mai magana yana yawan yin dogon shiru, kamar waɗanda larura ta taɓa wa harshe. A shekarar ce kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton cewa asibitoci a Amurka suna amfani da manhajar da aka gina a kanta wajen rubuta ganawar likita da majiyyaci. A lura, duk wannan da Turanci ne, harshen gidan da ta tashi.

A nan ne bambancin mai ji da kurma yake fitowa fili. Ni in na ga rubutun ƙasan bidiyo ya yi shirme, dariya nake yi, don kunnena ya riga ya gaya mini gaskiya. Kurma ba shi da kunne na biyu da zai gwada. In yaro ya kai ƙarya gidan Goggo, wata rana Inna da Goggo za su haɗu a gidan suna, magana ta fito, a kama shi. Wanda ba ya ji kuwa, abin da allo ya nuna masa shi ke nan, kuma rubutun ƙarya da na gaskiya kamarsu ɗaya, harafi ɗaya, tsabta ɗaya. Ka ɗauki mace a gaban likita. Ya ce, "Kada ki sha wannan in kina da ciki." A daidai kalmar farko wani ya turo ƙofa. Abin da ya rage a allo jimla ce cikakkiya, mai ma'ana, kuma kishiyar abin da aka faɗa. Hausa da 'yan ƙananan kalmomi take kore magana, "ba" da "kada" da "bai," su ne kuma suka fi saurin narkewa cikin hayaniya. Haka lambobi: sau biyu ko sau uku, sha biyar ko hamsin. A hira ba komai. A asibiti da kotu da banki da wajen rabon gado, ni dai ba zan aiki wannan yaron shi kaɗai ba. Mafi ƙarancin abin yi shi ne mai maganar ya karɓi wayar ya karanta abin da ta rubuta kafin a tashi.

Batun riƙe baki kuma gajere ne. Yawancin manhajojin nan ba a cikin wayarka suke yin aikin ba, suna tura muryar ne ta intanet zuwa manyan kwamfutocin kamfani, can a juya ta a dawo da rubutu. Kamfanonin kirki suna cewa ba sa ajiyewa, amma shagon manhajoji cike yake da na kyauta waɗanda ba a san masu su ba. Kafin a ajiye waya a tsakiyar sulhun miji da mata, a san wace ce aka kunna, kuma a gaya wa kowa tana kunne. Sannan tafiyar nan da dawowa tana cin data, tana son sabis mai ƙarfi da caji. In sabis ya yi rauni rubutu yakan makara, har a gama dariya a shiga wani zance kafin ya iso. Akwai masu aiki ba intanet, amma sun fi samuwa a wayoyi masu tsada, kuma da harsuna kaɗan.

Yanzu a ce duk an gyara waɗannan, ɗan aike ya ji daidai, ya kai daidai. Saura wanda aka kai wa. Rubutu ba ya amfanar wanda ba ya karatu, kuma manhajojin nan da boko suke rubuta Hausa. Dattijon da ya sauke Alƙur'ani, yake rubuta lissafin bashinsa da ajami, in ka miƙa masa allo cike da boko ba ka kai masa komai ba. Matan da aka cire daga makaranta a aji uku su ma haka. Ga sauri kuma: magana tana gudu, mai haɗa baƙi kuwa a hankali yake tafiya.

Wanda aka haifa kurma lamarinsa daban ne gaba ɗaya, kuma a nan ne masu ji suka fi yin kuskure. Shi yana da harshensa. Kuramen ƙasar Hausa suna da maganar hannu tun kaka da kakanni, mai ƙa'idojinta, wadda wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna a Kano ta nazarta har ta fitar da littafi a kanta a shekarar 2000. A makarantu kuma wata maganar hannun ce ta daban, mai tushe daga ta Amurka, wadda Andrew Foster, baƙar fata kurma ɗan Amurka, ya shigo da ita lokacin da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Ita ta bazu zuwa makarantu irin su Tudun Maliki ta Kano da aka kafa a 1977, da cibiyar ilimi na musamman da muke da ita a nan Gombe, kuma rubutun da ake haɗa ta da shi Turanci ne. Sakamakon haka sai ka ga saurayi ɗan Bolari, uwa Bahaushiya uba Bafulatani, amma in za ka yi masa rubutu gara ka yi da Turanci, domin Hausar da ake yi a gidansu bai taɓa jin ta ba, ba a kuma koya masa ita a takarda ba. Turancin ma harshe na biyu ne a wajensa, na farko yana hannunsa. Saboda haka gida biyu ne, aike biyu. Matar da ta kurumce tana da shekara talatin rubutun Hausa take so. Wannan saurayin tafinta yake so, mutum mai hannu da fuska, in babu sai rubutun Turanci ya ɗan rage masa hanya. Waya kuma ba ta ganin hannunsa balle ta faɗa wa likita abin da yake cewa. Aiken nata zuwa ne babu dawowa, sai dai ya zauna ya danna amsa da yatsa.

Shi ya sa nake jin tsoron ranar da wani shugaban ma'aikata zai ce ai yanzu akwai manhaja, a bar ɗaukar tafinta. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ɗora wa asibitocin gwamnati nauyin tanadar hanyar sadarwa ga irin waɗannan majiyyata. Hukumar da aka kafa a ƙarƙashinta a 2020, kurma ne ma ya fara riƙe ta, James Lalu. Lokacin korona kowa ya ga tafinta a gefen allo ana bayanin kullum daga Abuja, a daidai lokacin da takunkumi ya rufe bakunan da masu raunin ji suke karantawa. An nuna ana iyawa in an so. Zuwa da kai ya fi aike, kuma a wajen kurma na asali, tafinta ko ɗan'uwan da ya koyi maganar hannu shi ne zuwa da kai.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, babban kaso na wannan aikin ba ya ma buƙatar wata na'ura mai wayo. Labaran da ake karantawa a talabijin ɗin jiha da NTA Gombe a rubuce suke tun kafin mai karatu ya zauna. Huɗubar Juma'a mafi yawan limamai rubuta ta suke yi. Fim kuwa sai da aka rubuta shi aka ɗauka. Finafinan Kannywood sun daɗe suna sa fassarar Turanci a ƙasa don waɗanda ba sa jin Hausa, har ana yi musu dariyar Turancin, amma ba a cika tuna Bahaushen da yake karanta Hausa sarai kunne ne kawai babu ba. Masu fassara finafinan Indiya sun zuba ƙoƙarinsu duka a murya. Alhali YouTube yana ba duk mai ɗora bidiyo damar liƙa rubutun da ya shirya da hannunsa, kyauta, mai kallo ya kunna in yana so. Kuma rubutun kurame ya ɗara fassara: yana faɗin wa ke magana, yana cewa an ƙwanƙwasa ƙofa, an yi guɗa, jariri na kuka a ɗaki. Ba tare da wannan ba, kurma zai ga amarya ta zabura bai san me ta ji ba. Ɗalibi ɗaya mai saurin bugu da majigi ɗaya sun isa su sa tafsirin Bolari ya zama na kowa, ko da taƙaitawa ce yake yi. Masallacin da ya iya sayen lasifika goma sha ba zai gaza wannan ba.

Shi kuma ɗan aiken na'ura, in muna so ya ji maganarmu, sai mun ɗauke shi riƙo. Ba zai koyi Hausar Gombe a Kalifoniya ba. Akwai shirin Common Voice na gidauniyar Mozilla, inda kowa zai iya shiga ya karanta jimlolin Hausa a naɗa, ko ya saurari na wasu ya tantance, kuma taskar a buɗe take ga duk mai son gina manhaja. Ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe da ta Kashere za su iya yin abin kirki a nan cikin hutu ɗaya. Sai dai kada a tsaya kan muryar samari 'yan boko. A nemi ta mata, ta tsofaffi, ta wanda Hausarsa ke da gishirin Fulatanci ko Tangalanci, da izininsu, a kuma biya su in aikin na kuɗi ne. Gidajen rediyonmu suna zaune a kan dubban sa'o'i na irin wannan magana a ma'ajiyarsu. Kuma duk wanda zai gina wani abu, ya fara zama da ƙungiyar kurame ta jiha tukuna, su gwada, su faɗi inda yake musu ciwo. Abu na farko da zan roƙa a koya wa na'urar shi ne ta iya barin gurbi, ta rubuta "ban ji nan ba."

Kai kuma mai karatu, naka ba ya jiran gwamnati ko kamfani. In akwai mai raunin ji a zauren danginku, ka bi saƙon muryarka da layi biyu a rubuce: wane ne, ina ne, ƙarfe nawa. In kana magana da shi ka fuskance shi a wuri mai haske, ka kashe rediyo, ka bar ihu, don ihu murguɗa baki yake yi ya ƙara ɓata karatun leɓe. In kuwa ka raka Baba ko Goggo asibiti da waya mai rubutu, kada ku fito sai likita ya duba allon da idonsa, ya kuma rubuta sunan magani da yadda za a sha a takarda.